Tambaya da Amsa: Na Biya Kuɗin Teburi, Manaja Ya Ba Wa Wani

Wasiƙun wannan karon kusan duk wuri ɗaya suka nufa: gidajen shaƙatawa na dare masu tsada, irin waɗanda suka cika Wuse 2 da Maitama da Jabi a Abuja, da Victoria Island da Lekki a Legas, inda ake zuwa cin gasasshen kifi, ko kallon ƙwallo, ko ɗan biki, ko ganawa da abokin ciniki. Batun dacewar zuwa irin waɗannan wurare mun bar wa malamai. Namu shi ne haƙƙin wanda ya zaro kuɗinsa ya biya, da kuma haƙƙin wanda ke tsaye yana yi masa hidima. Waɗanda suka amsa sun san harkar otal da gidajen abinci da dokokin da suka shafe ta. Mun sakaya sunayen gidajen da na masu wasiƙun.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kama teburin mutum takwas a wani babban gidan shaƙatawa domin walimar ƙanena da ya gama bautar ƙasa. Tun ranar Laraba na tura musu kafin alƙalami na naira 50,000. Muka isa daren Asabar ƙarfe tara daidai, sai muka tarar da wasu zaune a teburin. Manaja ya shanya mu kusan rabin awa kafin ya fito, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ka san ko su wane ne waɗannan?" Ya ce ko mu tsaya a bakin kanta ko mu kama gabanmu, kuma kuɗi ba a mayarwa. Ina da wani haƙƙi kuwa? (Daga Gwarinpa, Abuja)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kana da haƙƙi, ba ma ɗan kaɗan ba. Ko da kai ne ka fasa zuwa, ba su da ikon cinye kuɗin gaba ɗaya yadda suka ga dama. Sashe na 120 na dokar gasar kasuwanci da kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, ya ba mai saye damar soke abin da ya kama tun da wuri, gidan kuma ya cire abin da hankali zai ɗauka na ladan ɓata masa tsari. To balle kai da ka zo a kan lokaci, su ne suka saɓa. Sashe na 130 ya ce wanda ya karɓi kuɗin hidima ya yi ta a kan kari kuma yadda ya kamata. In ya gaza, ko ya gyara ko ya mayar da kason kuɗin da ya dace. A taka matsalar ba a yi hidimar ba sam, don haka duka za ka nema.

Yana da kyau ka san yadda abin ke faruwa, domin ba kai kaɗai aka taɓa yi wa ba. A daren Juma'a da Asabar, teburi haja ce a idon mai gidan, kowanne an yanka masa mafi ƙarancin abin da za a kashe a kansa. Kama teburi kuma ta ƙofa uku yake shigowa: ta lambar WhatsApp ta gidan, ta hannun 'yan kamashon da ke jawo baƙi, da kuma ta wayar mai gidan kansa idan abokinsa ya kira shi. In ba littafi ɗaya ake rubuta duka ukun ba, teburi ɗaya sai a sayar da shi sau biyu. Idan masu shi suka haɗu, manaja yakan zaɓi wanda yake ganin zai fi sakin kuɗi, ko wanda yake tsoron ya kai ƙararsa wajen oga. A gidaje da yawa kuma manajan dare ba shi da ikon mayar da ko naira dubu ɗaya sai da izinin mai gida ko akanta, su kuwa a lokacin sun yi barci. Maimakon ya ce "ba ni da iko, amma ga abin da zan iya yi muku", sai ya rufe rashin ikonsa da ɗaga hanci. Wannan ba uzuri ba ne, amma yana nuna maka cewa cacar baki da shi a daren ɓata yawu ne.

Abin yi yanzu: ka rubuta wa gidan takarda, ko saƙo a lambar da ka kama teburin da ita. Ka sa ranar da ka tura kuɗi, adadinsu, shaidar tiransifa, lokacin da kuka isa, abin da aka gaya muku, da lambar asusun da za a mayar. Ka ba su kwana bakwai. Kada ka sa zagi ko barazana, domin saƙon nan shi ne zai zama shaidarka gobe. In sun yi biris, ka shigar da ƙorafi a FCCPC ta shafinta na intanet ko a ofishinta, ka haɗa da hotunan hirarku duka. A Legas akwai hukumar jiha, LASCOPA, Kano ma tana da tata hukumar kare masu saye. Hanyar kotu ma a buɗe take, kuma kotun ƙananan ƙararrakin bashi ba sai da lauya ba.

Gaba kuma, kafin ka tura ko sisi, a rubuta maka: rana da lokaci, yawan mutane, lambar teburi ko ɓangaren da yake, mafi ƙarancin abin da za ku kashe, ko za a cire kafin alƙalamin daga bil, minti nawa za a jira ku in kun makara, da abin da za a yi in su suka saɓa. Ka tura asusun da ke ɗauke da sunan kamfanin, ba na wani yaro da ya ce shi ne "mai kula da kama teburi" ba. Ranar zuwa, da la'asar, ka sake tura saƙo su tabbatar maka a rubuce.

Tambaya: Na je Legas saro kaya, ni da abokan tafiyata muka shiga wani wuri a Lekki. A lissafina abin da muka ci bai wuce naira 80,000 ba, sai ga bil na 103,000 a 'yar takarda da rubutun biro. Da na tambaya aka ce "haraji ne da kuɗin hidima". Na biya don kunya. Cuta ce ko haka abin yake? (Daga Unguwar Rimi, Kaduna)

Amsa: Hajiya, wani ɓangare haka yake, wani kuma da walakin. Mu ɗauki alƙalami. Harajin VAT kashi 7.5 cikin ɗari ne tun Fabrairun 2020. A kan 80,000 ya kama 6,000. Jihar Legas tana da nata harajin ci da sha a otal da gidajen abinci, kashi 5, tun dokar 2009, wannan 4,000. Kuɗin hidima, in gidan yana ɗora kashi 10, ya kama 8,000. Jimla 98,000. Ina sauran 5,000 suka fito? Yawanci daga abin da aka ajiye muku ba ku nema ba: manyan gorunan ruwa da aka ɓalle wa murfi tun kafin ku ce uffan, ɗan faranti na gyaɗa ko soyayyen dankali da kuka ɗauka kyautar gida ce, ko odar teburin maƙwabta da ta faɗo cikin taku.

Kuɗin hidima ba haraji ba ne, ba ya zuwa asusun gwamnati. Ƙari ne da gidan ya ɗora wa kansa, saboda haka ɓangare ne na farashi, kuma sashe na 115 na dokar da muka ambata ya hana karɓar fiye da farashin da aka nuna. In an rubuta shi a takardar jerin abinci, ko da a ƙasa da ƙananan baƙaƙe, kin gani kin yi oda, ya hau kanki. In ba a rubuta ko'ina ba sai a bil ya ɓullo, kina da hujjar cewa a cire. Haka ma maganar nan ta "ai farashin ya canja, ba a sake buga takardar ba": laifin wanda bai sake bugawa ba ne.

Babban kuskuren shi ne karɓar takardar biro. Sashe na 118 ya ba ki haƙƙin rasit mai ɗauke da sunan kamfani da adireshinsa, kwanan wata, kowane abu da farashinsa da yawansa, jimla kafin haraji, harajin shi kaɗai, sannan jimlar ƙarshe. Gidan da ke da kwamfutar kashiya amma aka kawo miki rubutun hannu, akwai yiwuwar ainihin bil ɗin yana can a na'ura da adadin da bai kai wannan ba, bambancin kuma ya shige aljihun wani. Ki ce kawai, "A bugo mini na na'ura." Ba faɗa ba ne.

In kuna da yawa, mutum ɗaya ya riƙa yin oda, yana rubutawa a wayarsa. Kifi kuwa a nuna muku shi ɗanye a faɗi kuɗinsa kafin ya hau wuta, domin "babba" da "matsakaici" ba su da ma'auni sai bakin mai sayarwa. Sannan in sabis ɗin, wato mai kawo muku abinci, ya kyautata muku kuna son ya amfana, ku damƙa masa tukuici a hannu. Ba kowane gida ke raba wa ma'aikata kuɗin hidimar nan ba.

Tambaya: Mu huɗu muka zauna, muka yi odar lemo da kifi biyu. Awa ɗaya da minti ashirin ba mu ga komai ba sai lemon. Wasu da suka zo bayanmu kuwa sabis uku ne ke rawar jiki a kansu. Talauci ne aka gani a goshinmu? (Daga Kubwa)

Amsa: Ɗan'uwa, ruwa ba ya tsami banza. A yawancin irin waɗannan gidaje albashin sabis ɗan kaɗan ne, abin da yake rayuwa da shi kamasho ne a kan manyan kwalabe masu tsada da tukuicin masu kashe kuɗi. Teburin lemo da kifi ba ya kawo masa komai a wannan lissafin. Wanda ya tsara biyan haka shi ya koya wa yaransa su riƙa auna baƙi da ido tun daga bakin ƙofa, ko da kullum yana yi musu huɗubar "kwastoma sarki ne".

Na biyu, rabon aiki. A ƙa'idar sana'ar, sabis ɗaya teburi huɗu zuwa biyar yake iya riƙewa da kyau, kuma kowa da ɓangarensa sananne. Inda ba a raba ba, kowa sai ya ruga teburin da ke da maiƙo, naku ya zama na kowa, wato ba na kowa ba. A daren da aka cika, za ka ga yaro ɗaya da teburi goma.

Na uku, hanyar da oda ke bi. Sabis ya rubuta, kwafi ɗaya ya tafi kicin, ɗaya wajen kashiya, ɗaya ya zauna a hannunsa. Ko kuma ya shigar a na'ura ta bugo a kicin. Wanda ya karɓi oda da ka, ba tare da ya rubuta ba, ya tsaya a teburi biyu a hanya, to taku ta bi iska. Sau da yawa jiran awa guda ba jinkirin kuku ba ne, odar ce ba ta taɓa isa gare shi ba.

In ta isa ma, wuta tana da nata lissafi. Lemo da ruwa bai kamata su wuce minti biyar ba. Fukafukan kaza minti 15 zuwa 20. Babban tarwaɗa a kan gawayi yana cin minti 35 zuwa 45. A ce abin gashin yana ɗaukar kifi shida a lokaci ɗaya, oda ashirin ta shigo a tare bayan an tashi daga wasan ƙwallo: mai na ƙarshe sai a zagaye na huɗu, fiye da awa biyu ke nan. Gidan kirki zai gaya maka wannan tun farko ka zaɓi wani abu. Gidan banza zai ce "yanzun nan", ya ɓace.

Saboda haka in za ka yi oda, ka tambayi sunan sabis ɗin, ka sa ya maimaita maka abin da ya rubuta, ka ce minti nawa, ka duba agogo a gabansa. Lokaci ya wuce da minti goma, kada ka ce "ina abincinmu?", domin amsar a shirye take. Ka ce, "Duba mini ko takardarmu ta shiga kicin, kuma mu ne na nawa a layi." In bai dawo da amsa ba, nemi shugaban sabis na wannan ɓangaren, ya fi manaja saurin warware irin wannan. In kun gaji za ku tafi, ku soke odar a fili a gaban kashiya, ku biya abin da kuka sha, ku karɓi rasit.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai kiran sabis da tsaki ko ƙyasta yatsa, ko "kai, zo nan!", ko mai canja oda sau uku bayan kifi ya hau wuta, shi ma yana cikin masu jawo wa teburinsa jira.

Tambaya: An hana ni shiga wani wuri a Abuja wai shigata ba ta dace ba. Kaftani ne da hula da takalmi sau-ciki. (Daga Zariya)

Amsa: Gida mai zaman kansa yana iya kafa ƙa'idar sutura, Alhaji, amma ya sanar da ita kafin ya karɓi kuɗin mutum, in ka riga ka biya na shiga ko na teburi ba a gaya maka ba, a mayar maka. Sau da yawa ma babu wata ƙa'ida a rubuce, ƙattin ƙofa ne ke tace waɗanda suke ganin za su kashe kuɗi, ko suna jiran na goro. Ka ce a nuna maka inda aka rubuta, ka nemi a kira na ciki. A garin da ake shiga Majalisar Dattawa da fadar shugaban ƙasa da kaftani da hula, gidan da ya mayar da mai wannan shiga bai san kasuwarsa ba.

Tambaya: Na sa kati a POS, na'ura ta ce bai yi ba, amma alat ya shigo an cire mini 62,000. Na nuna musu, manaja ya ce shi bai ga kuɗi ba. Ƙattin ƙofa suka tare hanya, ɗaya ya fizge wayata, suka ce ba inda za ni sai na sake biya. Har ya ce zai kira 'yan sanda. Sai da wani abokina ya turo kuɗi wajen ƙarfe biyu na dare suka sake ni. (Daga Lugbe)

Amsa: Abu biyu ne a nan, Malam, kada a cakuɗa su. Ta fuskar kuɗin, manajan yana iya zama da gaskiya. Alat ɗin cirewa yana nuna kuɗi sun bar asusunka, ba ya nuna sun isa nasu. Sukan maƙale a tsakanin bankuna. Takardar da na'urar ta bugo ita ce alƙali: in ta ce bai yi ba, bashin gidan yana kanka, kuɗinka kuma bankinka ne zai dawo maka da su. Ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2020 ta ba bankuna awa 72 su mayar da kuɗin POS da ya maƙale. Ka adana wannan 'yar takarda, ka ɗauki hotonta nan take domin rubutunta yana gogewa, ka kai ƙorafi bankinka, ka karɓi lambar ƙorafin. Mako biyu ba a warware ba, ka kai sashen kare abokan hulɗa na Babban Bankin da wannan lambar. Kuma kada ka bari a yi ta goga katin sau uku sau huɗu. Kowane gwaji yana iya sake cirewa.

Su ma suna da abin da suke tsoro: alat na bogi ya yi yawa, kuma in baƙo ya tafi bai biya ba, daga albashin sabis ake yankewa. Mafita mai sauƙi ita ce ka biya ta wata hanya in kana da hali, ka bi bankinka daga baya. In ba ka da shi, a rubuta 'yar yarjejeniya: sunanka, lambar waya, adadin kuɗi, ranar da za ka biya, ku sa hannu ku biyu, kowa ya ɗauki hoto.

Ta fuskar abin da aka yi maka kuwa, ba su da gaskiya ko kaɗan. Sashe na 124 na dokar kare masu saye ya hana amfani da ƙarfi, tilastawa ko tsangwama wajen karɓar kuɗin kaya ko hidima. Tsare mutum a hana shi fita ba bisa doka ba, da fizge masa waya, laifuka ne da ake kai wa 'yan sanda. Barazanar kiran 'yan sanda kuma ba ta da ƙarfin da ake zato: sashe na 8 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum saboda saɓanin ciniki kawai. Da ka ce masa "bismillah, kira su", ka zauna inda kyamara ke ganinka. Abin da ba za ka yi ba shi ne sulalewa ta baya ko kai hannu, domin nan ne za a juya maganar ta koma zamba ko duka.

In kana son bin kadin abin, ka hanzarta. Na'urar kyamarorin tsaro tana taka tsohon hoto da sabo bayan 'yan kwanaki ko makonni, gwargwadon girman ma'ajiyarta, don haka ka rubuta musu yau cewa a adana hoton wannan dare daga ƙarfe kaza zuwa kaza. In an ji maka rauni, takardar asibiti ta wannan daren ta fi ta bayan kwana uku nauyi. Ka kuma tambaya ko ƙattin ma'aikatan gidan ne ko na kamfanin gadi. Kamfanonin gadi masu zaman kansu suna ƙarƙashin kulawar hukumar Sibil Difens, ana kai ƙararsu can.

Tambaya: Yaron da ke gyara fakin ya karɓi makullin motata, na fito na tarar an goge mini gefe. Suka nuna mini allon da ya ce duk abin da ya samu mota ba ruwansu. (Daga Asokoro)

Amsa: Makullin shi ne maganar, ranka ya daɗe. A 2002 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar wani alƙali da aka sace motarsa a harabar wani otal a Owerri, ba ta ɗora wa otal ɗin alhaki ba. Shi ya kulle motarsa ya tafi da makullinsa. Amma wanda ma'aikacin gida ya karɓi makulli daga hannunsa ya tuƙa motar, ya ba da amana ce, allo kuma ba ya wanke sakacin wanda ya riƙe sitiyari. Ka ɗauki hoto kafin motar ta motsa daga wurin, ka sa manaja ya rubuta abin da ya faru, ka kawo kiyasin mai gyara a rubuce.

Tambaya: Ni sabis ce a ɗaya daga cikin irin gidajen da kuke magana. Kullum mu ake zagi. Kofi ya fashe, a yanke mini 5,000. Baƙo ya gudu, a yanke. Na makara minti goma, a yanke. Watan jiya rabin albashina aka ba ni. Manaja yana zagina a gaban baƙi, sannan a ce in yi murmushi. Wata takwas ina aiki, ko takardar ɗauka ba ni da ita. (Daga Mararaba)

Amsa: 'Yar'uwa, wasiƙarki ta amsa rabin tambayoyin da ke sama. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma wadda aka zaga a bayan kanta minti biyu da suka wuce, da wace fuskar za ta yi shimfiɗar?

Dokar Ƙwadago tana bayanki a abubuwa da dama. Sashe na 5 ya hana yanke albashi da sunan tara. Yankewa saboda asarar da ma'aikaci ya jawo da gangan ko da sakaci sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago, kuma duk abin da za a cire a wata ɗaya kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin. Rabi ya haura wannan. Sashe na 7 ya wajabta a ba ki takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da farawa. Sashe na 13 ya ba mai aikin awa shida ko fiye hutun da ya kai awa ɗaya a tsakani, da kwana ɗaya a kowane mako. Mai wata takwas kuma ba a sallamarta sai da sanarwar mako guda ko kuɗinsa, in ba wani babban laifi ta yi ba. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun Yulin 2024, sai dai dokar ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba da masu aikin kamasho zalla, don haka ki ƙirga ku nawa ne, har da 'yan kicin da masu shara da masu gadi.

Tunda ba ki da takarda, ki haɗa shaidarki da kanki: alat na albashin kowane wata, hoton jadawalin aiki, katin shaida ko hotonki cikin yunifom, saƙonnin rukunin WhatsApp na ma'aikata inda ake sanar da yanka. Ki buɗe ɗan littafi, duk yanka ki rubuta rana da dalili da adadi. Ku nemi ganin mai gidan ku uku ko huɗu, da rana ba cikin hayaniyar dare ba, da lissafin a hannu. Sau da yawa bai san adadin da manaja ke yankewa da sunansa ba. In bai yi ba, ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya yana karɓar irin wannan ƙorafi, daga nan sai Kotun Ƙwadago ta Ƙasa, mai shari'a tsakanin ma'aikata da masu ɗaukar su aiki. Gaskiya ita ce mai ƙorafi yakan rasa aikin, don haka ki fara tattara takardun tun kina ciki, ki kuma fara cigiyar wani wurin.

Tambaya: Ina so in fallasa wani gida a Facebook da TikTok saboda wulaƙancin da manajansu ya yi mini. Abokaina sun ce za a iya kama ni. Da gaske ne? (Daga Nasarawa, Kano)

Amsa: Abokanka ba su yi ƙarya ba. A Satumbar 2023 an kama wata mata a Legas aka kai ta Abuja bayan ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani ya cika zaƙi, maganar ta kai har kotu. An yi wa sashe na 24 na dokar laifukan intanet gyara a 2024 aka taƙaita shi, amma ɓata suna yana nan a matsayin laifi a kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa da Abuja, da hukuncin da ya kai ɗaurin shekara biyu, ban da ƙarar neman diyya.

Wannan ba ya nufin ka yi shiru. Magana zarar bunu ce, sai a san yadda za a zare ta. Ka rubuta abin da ya faru da kai, wanda kake da shaidarsa: rana, lokaci, abin da ka biya, minti nawa ka jira, kalmomin da aka faɗa maka kamar yadda aka faɗe su. "An caje ni kuɗin abin da ban yi oda ba, ga rasit" magana ce da za ka iya tsayawa a kanta. "Ɓarayi ne", "abincinsu guba ne", "ana sayar da ƙwaya a ciki" zarge-zarge ne da za a ce ka kawo hujja. Kada ka kira mutane su ƙaurace wa gidan ko su je su yi masa dirar mikiya, kada ka sa lambar wayar manaja, kada ka nuna fuskokin sauran baƙi ko ta sabis ɗin da ba ita ta yi maka laifi ba.

Ka fara tura wa gidan ƙorafin a asirce ka ba su kwana biyu ko uku. Amsarsu ko shirunsu zai shiga cikin rubutun. Kada ka rubuta a daren da abin ya faru, ka bari sai ka kwana. Sharhi a shafin gidan na taswirar Google ya fi bidiyon zagi daɗewa, domin nan masu neman wurin zuwa suke dubawa, masu gidajen ma suna karantawa. In suka kira ka suka mayar da kuɗi ko suka ba da haƙuri, kada ka yarda da sharaɗin goge rubutun. Ka koma ƙarƙashinsa ka ƙara layi ɗaya cewa an biya ka, da ranar da aka biya.